Kwatanta Hanyoyin Ɗaukar Samfuri Wajen Gano Sababbin Nau'o'in Ƙwayoyin Cutar Numfashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san cinikin hatsi a kasuwa irin ta Dawanau ya san cewa gwanin saye ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Yakan soka ƙarfe a tsakiya da gindi, ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba a tafin hannunsa, domin daga wannan ɗan kaɗan ne zai yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. In ya ɗiba a inda bai dace ba, to ya sayi tsakuwa da kuɗin gero, komai kaifin idonsa. Haka al'amarin yake ga masu binciken cututtukan numfashi. Na'urar gwaji, komai tsadarta, ba ta iya faɗar abin da ba a kawo mata ba.

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta hanyoyin da ake bi wajen ɗebo samfuri daga jikin mutum domin gano ƙwayoyin cutar numfashi, musamman idan ƙwayar ta sauya kama ta fito da sabon nau'i. Za a fi mayar da hankali ga ƙwayar SARS-CoV-2 mai haddasa cutar korona, saboda a kanta ne aka fi yin irin wannan kwatanci tsakanin 2020 da 2023, amma za a waiwayi murar tsuntsaye da cutar MERS inda ya dace. An raba maƙalar zuwa bayanin kalmomi, da yadda gwaji ke aiki, da hanyoyin ɗaukar samfuri, da sakamakon kwatancin da masana suka yi, sannan abin da ya shafi ƙasa mai zafi irin tamu.

2.0 Bayanin Muhimman Kalmomi

Tun da yake da yawa daga kalmomin wannan fage baƙi ne a Hausa, ya kamata a fara daidaita ma'anarsu yadda za a yi amfani da su a nan.

Bairos: wata ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin wani mai rai.

Kundin gado: jerin umarnin da ke cikin bairos wanda da shi ake ƙera 'ya'yansa. Na SARS-CoV-2 an rubuta shi ne da sinadarin RNA, kuma yana da haruffa kusan 30,000.

Nau'i: zuriyar bairos wadda ta tara sauye-sauye a kundin gadonta har ta bambanta da iyayenta. Daga ranar 31 ga Mayu, 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara raɗa wa manyan nau'o'in korona sunayen haruffan Girkanci, wato Alfa da Beta da Delta da sauransu, don a daina danganta cuta da sunan wata ƙasa.

Samfuri: ɗan abin da aka ɗebo daga jiki, kamar majina ko miyau ko kaki, don a gwada.

Tsinken ɗauka: siririn tsinken roba mai ɗan gashi a kai, wanda ake goga wa cikin hanci ko maƙogwaro.

Kaifin gwaji: adadin masu ɗauke da cuta da gwaji ya iya kamawa daga cikin kowane mutum 100 masu ita.

3.0 Yadda Ake Gano Bairos da Nau'insa

Akwai matakai uku da ya kamata a bambance, domin kowannensu da irin samfurin da yake bukata.

Na farko shi ne gwajin gaggawa, wanda ke neman wani furotin na jikin bairos, ya ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30. Wannan gwaji ba ya ninka komai, saboda haka sai bairos ya yi yawa a samfuri kafin layi ya fito. Ba ya kuma faɗar nau'i.

Na biyu shi ne gwajin PCR. A nan na'ura takan ɗauki wani ɗan yanki na kundin gado ta yi ta ninka shi zagaye bayan zagaye, har ya yi yawan da za a iya gani. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai sau biyu, don haka zagaye 10 yana daidai da ninki kusan 1,000. Ke nan samfurin da ya bayyana a zagaye na 20 ya fi wanda ya bayyana a zagaye na 30 yawan bairos kusan sau dubu. Mai karatu ya riƙe wannan: ƙarancin adadin zagaye alama ce ta yawan bairos.

Na uku shi ne karanta kundin gado baki ɗaya, wanda shi ne ke tabbatar da nau'i. Wannan aiki ya fi sauran bukatar samfuri mai kyau, kuma ɗakunan bincike da yawa sukan zaɓi samfuran da adadin zagayensu bai wuce 30 ba, domin waɗanda suka haura haka sukan ba da karatu mai giɓi-giɓi. A Nijeriya, bayan an tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da haɗin gwiwar wasu cibiyoyin ƙasar, ta karanta kundin gadon wannan bairos a farkon Maris, kuma shi ne karatu na farko da aka fitar daga nahiyar Afirka.

Wani abin sha'awa shi ne yadda gwajin PCR ya zama ɗan leƙen asirin nau'i ba da niyya ba. Gwajin TaqPath na kamfanin Thermo Fisher yana neman wurare uku a kundin gado. Nau'in Alfa, wanda ya bazu a Ingila a ƙarshen 2020, ya rasa wasu haruffa a ɗaya daga wuraren, wato a sashen da ke ƙera ƙayar da bairos ke maƙale wa jiki da ita. Sai gwajin ya riƙa kama biyu yana rasa ɗaya. Wannan alama ta sake bayyana ga Omikron na farko a Nuwamba 2021, ta ɓace ga reshensa BA.2, ta kuma dawo ga BA.4 da BA.5. Amma alamar ba ta da amfani sai samfuri na da bairos isasshe, domin idan ya yi ƙaranci, wuri ɗaya na iya ɓacewa saboda rauni kawai, a yi zaton sabon nau'i ne.

4.0 Hanyoyin Ɗaukar Samfuri

4.1 Ƙuryar hanci

Wannan ita ce hanyar da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'auni. Ma'aikaci yakan zura dogon tsinke ta ƙofar hanci, a kwance, ba sama ba, yana bin shimfiɗar kogon hanci har ya taɓa bangon da ke bayan hanci, saman maƙogwaro. Zurfin yakan kai kwatankwacin tazarar da ke tsakanin hanci da kunne. Sai ya bar shi 'yan daƙiƙu, ya murza, ya zaro. Amfaninta shi ne tana kaiwa inda yawancin bairos na numfashi suke zama. Illarta kuwa uku ce: tana da ciwo, tana bukatar ƙwararre sanye da kayan kariya, kuma takan sa atishawa ko tari a fuskar ma'aikacin. Daɗin daɗawa, idan mutum ya janye kansa, ko hannun ma'aikaci ya yi sanyi, tsinken ba zai kai ba, amma a takarda za a rubuta cewa daga ƙurya aka ɗauka.

4.2 Tsakiyar hanci da bakin hanci

A ta tsakiya ana shigar da tsinke kimanin santimita 2, a ta baki kuwa santimita 1 zuwa 1.5, a goga jikin bangon hanci na kusan daƙiƙa 15, a yi wa ƙofofin biyu da tsinke guda. Sauƙinsu shi ne mutum na iya yi wa kansa ko ya yi wa ɗansa. A kan bakin hanci aka gina yawancin gwaje-gwajen gaggawa na gida.

4.3 Maƙogwaro

Ana buɗe baki, a danne harshe, a goga tsinke a gefuna biyu na maƙogwaro da bangon baya, ba tare da taɓa harshe ko haƙora ba. Da yawan mutane sukan yi yunƙurin amai, kuma wanda ke yi wa kansa a gaban madubi sau da yawa ba ya kaiwa inda ake so.

4.4 Miyau da kurkura

Mutum yakan tara miyau ya zuba a ɗan bututu, ko kuma a ba shi ruwan gishiri ya kurkure maƙogwaro ya tofa. Babu ciwo, babu tsinke, ma'aikaci kuma na iya tsayawa nesa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin miyau na Jami'ar Rutgers a Afrilu 2020, da na Jami'ar Yale mai suna SalivaDirect a Agusta 2020, sannan lardin British Columbia na Kanada ya soma amfani da kurkura ga 'yan makaranta a Satumba 2020. Sharaɗinta shi ne kada a ci, kada a sha, kada a goge baki, na aƙalla minti 30 kafin a ba da samfuri. Haka kuma miyau mai kauri yakan wahalar da na'ura, kuma yawancin gwaje-gwajen gaggawa ba a tsara su don miyau ba.

4.5 Kaki da ruwan huhu

Idan cuta ta sauka ƙirji, ana karɓar kakin da mara lafiya ya tofar, ko a zuƙo majina daga bututun numfashi na wanda aka sa wa na'ura, ko likita ya zura bututu mai madubi ya wanke wani sashe na huhu da ruwan gishiri ya zuƙo. Wannan ta ƙarshe aikin babban asibiti ne, tana da haɗari ga mara lafiya da ma'aikata, kuma ba a yin ta don binciken jama'a.

4.6 Ruwan magudana

Wannan samfuri ne na gari, ba na mutum guda ba. Masu korona da dama suna fitar da burbushin bairos a bayan gida, don haka ana ɗebo ruwan magudana a gwada. Ba baƙuwar dabara ba ce a Nijeriya, domin tun 2011 aka fara ɗebo ruwan magudanun Kano don neman bairos na shan inna. Tana nuna shigowar sabon nau'i gari ko da mutane ba su je asibiti ba. Rauninta shi ne ba ta faɗar wane ne mai cutar, kuma kundayen gadon nau'o'i daban-daban sukan cakuɗe a guntu-guntu, sai an yi lissafi kafin a warware su.

5.0 Abin da Kwatanci ya Nuna

5.1 Kafin zuwan Omikron

Ɗaya daga rahotannin farko ya fito ne daga ƙasar Sin a mujallar JAMA a Maris 2020, inda aka gwada samfura 1,070 daga majinyata 205. Ruwan wankin huhu ya nuna bairos a kashi 93 cikin 100, kaki 72, hanci 63, maƙogwaro 32, bayan gida 29, jini 1, fitsari kuwa ko ɗaya. Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma da lura, domin samfuran hanci guda 8 ne kacal, na wankin huhu 15, alhali na maƙogwaro 398 ne, kuma ba a rana ɗaya ta ciwo aka ɗauke su ba. Duk da haka darasin ya fito: ga wanda ciwo ya kwantar a asibiti, ƙasan hanyar numfashi ya fi samanta amfani.

A cikin shekarar, masu bincike na Yale sun kwatanta miyau da ƙuryar hanci a majinyata 70. A kwana 1 zuwa 5 bayan tabbatar da cutar, miyau ya nuna bairos a kashi 81, ƙuryar hanci a kashi 71, kuma sakamakon miyau ya fi daidaituwa daga rana zuwa rana. Dalilin da ake bayarwa shi ne ingancin samfurin ƙurya ya dogara ga hannun mai ɗauka, miyau kuwa miyau ne.

A 2021 masana na Jami'ar Hong Kong sun tattara bincike 23 da aka yi a kan mutanen da ba a kwantar ba, suka auna kowace hanya da ƙuryar hanci. Haɗin hanci da maƙogwaro ya sami kaifin kashi 97, hanci kaɗai 86, miyau 85, maƙogwaro kaɗai 68. Wato a wancan lokaci maƙogwaro shi ne koma baya idan ya tsaya shi kaɗai, amma idan ya haɗu da hanci sai su kusa kamo ma'aunin.

5.2 Bayan zuwan Omikron

Masana a Botswana da Afirka ta Kudu ne suka gano Omikron. An sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba, 2021, ta raɗa masa suna ranar 26, hukumar NCDC kuma ta tabbatar da shi a Nijeriya ranar 1 ga Disamba. A cikin Disamban, masu bincike a Hong Kong suka ba da rahoton cewa a naman bututun numfashi da aka raya a ɗakin gwaji, Omikron ya hayayyafa kusan sau 70 fiye da Delta cikin awa 24, amma a naman huhu ya gaza ainihin bairos na farko fiye da sau 10. Ke nan bairos ya sauya mazauni, ya hau sama. Tambayar da ta biyo baya ita ce, idan ɓarawo ya sauya maɓoya, ashe mai nema ba zai sauya wurin nema ba?

Jami'ar Cape Town ta gwada wannan a asibitin Groote Schuur. Ga masu Delta, tsakiyar hanci ta kama kashi 100, miyau 71. Ga masu Omikron lamarin ya juye: miyau 100, tsakiyar hanci 86. Wannan rahoto ya yi amo ƙwarai, har mutane a ƙasashe da dama suka fara goga tsinken gwajin hanci a maƙogwaro. A Janairu 2022 hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa a bi umarnin da ke jikin kwali, alhali a Birtaniya an daɗe ana raba wasu gwaje-gwaje masu umarnin a goga maƙogwaro sannan hanci.

Binciken da ya biyo baya ya rage wa wancan rahoto kaifi. Masu cutar da aka samu a Cape Town ba su kai 40 ba a kowane rukuni, kuma an umarci mutane su yi tari kafin a goga tsinke a bakinsu, abin da kan ɗago majinar ƙasa zuwa baki. A San Francisco, a Janairu 2022, an ga gwajin gaggawa na hanci yana kama masu yawan bairos na Omikron yadda ya kamata, ya kuma fi na kunci da na maƙogwaro. A Nova Scotia ta Kanada kuwa, hanci kaɗai da maƙogwaro kaɗai kowanne ya kama kusan kashi 65 a gwajin gaggawa, haɗinsu ya kai kusan 89. Wani babban gwaji da aka yi a Kopenhagen, aka buga a 2023, ya nuna maƙogwaro ya fi hanci idan ma'aikaci ne ya ɗauka, amma wannan fifiko ya ɓace idan mutum ya yi wa kansa, kuma haɗa biyun ya fi kowanne.

Abin da ya sasanta waɗannan sakamako shi ne lokaci. Masu bincike a Caltech sun bi mutanen gida ɗaya da mai cuta suna gwada su kullum, tun kafin su kamu. Sun ga cewa a mutane da yawa bairos yakan fara bayyana a miyau ko maƙogwaro, kwanaki kafin hanci, amma idan ya iso hanci yakan yi yawa a can fiye da baki. Sun kuma ga cewa a mutum guda, a rana guda, wurare ukun na iya bambanta ƙwarai. Saboda haka mai neman kama cuta da wuri da gwajin PCR zai amfana da baki, mai gwajin gaggawa bayan alamomi sun bayyana zai amfana da hanci.

5.3 Darasi daga wasu bairos

Bairos na MERS, wanda Dokta Ali Mohamed Zaki ya fara ware shi daga kakin wani majinyaci a Jidda a 2012, ya fi zama a ƙasan hanyar numfashi, don haka ake fifita kaki da ruwan huhu a kansa, kuma samfurin hanci na iya cewa babu alhali akwai. Murar tsuntsaye ta H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a Fabrairu 2006, ita ma haka take, domin irin makullin da take buɗewa a jikin ɗan Adam ya fi yawa a can cikin huhu da fatar ido, ba a hanci ba. A 2024, da wannan bairos ya shiga shanun madara a Amurka, wani ma'aikacin gona a Texas ya zo da jan ido kawai. Samfurin idonsa ya bayyana a zagaye na 18, na ƙuryar hanci a na 33, tazarar da ta haura ninki 30,000. A Michigan ma an sami wanda hancinsa ya ce babu, idonsa ya ce akwai. Da an tsaya a kan hanci don shi aka saba, da an rasa shi.

6.0 Matsalolin da ke Cikin Kwatancin Kansa

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. Idan aka ce ƙuryar hanci ce alƙali, to duk wanda miyau ya kama ita ta rasa, za a rubuta shi a matsayin kuskuren miyau, ba nasararsa ba. Ta wannan lissafi babu hanyar da za ta taɓa fin ma'auni. Shi ya sa bincike mai kyau yake ɗaukar duk wanda aka kama ta kowace hanya a matsayin mai cuta, sannan a auna kowace hanya da wannan jimla.

Ta biyu ita ce suna ɗaya, abu daban. Abin da wani ya kira miyau tofi ne na bakin leɓe, na wani kakin maƙogwaro ne na sassafe, na wani kuma tsinke ne aka goga a kunci.

Ta uku ita ce cakuɗuwar dalilai. Lokacin da Omikron ya zo, mutane da yawa sun riga sun yi rigakafi ko sun taɓa kamuwa, jikinsu na saurin nuna alamomi, suna kuma zuwa gwaji da wuri. Saboda haka wani ɓangare na bambancin da aka jingina wa nau'i na iya zama na ranar gwaji ne da garkuwar jiki.

7.0 Kiyaye Samfuri a Ƙasa Mai Zafi

Ɗaukar samfuri rabin aiki ne. Sinadarin RNA ba ya jure zafi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ajiye samfuri a sanyin digiri 2 zuwa 8 na tsawon da bai wuce awa 72 ba, in za a daɗe kuwa a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifiri. Samfurin da aka ɗauka a ƙauye, ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke, ya yi tafiyar yini a mota kafin ya isa babban ɗakin bincike na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, zai iya nuna akwai cuta, amma kundin gadonsa ya riga ya kakkarye, ba ya karantuwa. Akwai ruwan ajiya mai kashe bairos ya kuma kiyaye RNA ba tare da sanyi ba na wasu kwanaki. Ya dace da yanayinmu, sai dai ba a iya raya bairos daga cikinsa don ƙarin nazari.

Haka kuma irin tsinken yana da tasiri. Ana so ya zama na zaren roba irin nailan, mai sandar roba. Mai sandar icce na iya ɗauke da sinadaran da ke hana PCR aiki. A 2020 duniya ta gane cewa kamfanoni biyu, Copan na Brescia a Italiya da Puritan na jihar Maine a Amurka, su ne ke ƙera kaso mai yawa na tsinken ƙuryar hanci, kuma Brescia na cikin yankin da annoba ta fi yi wa ɓarna a lokacin. Ƙarancin da ya biyo baya na cikin dalilan da suka sa aka koma neman mafita a miyau. Ga ƙasar da ke shigo da kusan duk kayan gwajinta, hanyar da ba ta bukatar tsinke ba ƙaramin rangwame ba ce.

Akwai kuma halayen wuri da ya kamata mai tsara bincike ya sani. Sharaɗin minti 30 ya shafi goro da asuwaki da shayi, kuma sai an faɗa wa mutum da harshensa, domin mai goro a kunci ba ya lissafa kansa cikin masu cin abinci. A lokacin hunturu hanci yakan bushe har ya yi haɓo, wanda ke wahalar da ɗauka. Sannan akwai yardar jama'a. Uwar da ta ga an zura wa ɗanta dogon tsinke yana kuka ba lalle ta kawo ƙaninsa ba, balle ta shawarci maƙwabciyarta. Hanyar da ke kama kashi 85 amma mutum 100 suka yarda da ita za ta gano masu cuta fiye da mai kama kashi 100 wadda mutum 40 kaɗai suka zo mata. Wannan lissafi yana da nauyi wajen neman sabon nau'i, domin idan daga manyan asibitoci da filayen jiragen sama kawai samfura ke fitowa, hoton da za a samu na masu kuɗi ne da matafiya. Nau'in Eta, wanda aka fara gani a Nijeriya da Birtaniya a Disamba 2020, ya nuna cewa ƙasarmu ma fage ce da sabon nau'i kan yaɗu a cikinta.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da waɗannan ƙa'idoji. Ga mai alamomin mura da aka zo da shi asibiti, ƙuryar hanci ko haɗin hanci da maƙogwaro su ne suka fi aminci. Ga wanda ciwo ya sauka ƙirji, idan sama ta ce babu, a nemi kaki ko ruwan huhu kafin a sallame shi. Ga binciken jama'a da yara da gwaji na yau da gobe, miyau ko kurkura ko bakin hanci sun fi dacewa. Ga gwajin gaggawa, a bi umarnin da ke jikinsa, a kuma maimaita bayan kwana biyu idan ya ce babu alhali alamomi na nan. Ga mai kiwon kaji ko shanu da ya zo da jan ido, kada a manta da ido. Ga karanta kundin gado, a zaɓi samfuri mai yawan bairos, a kiyaye shi daga zafi, a rubuta wurin da aka ɗauka da ranar ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma bairos bai daina sauyawa ba, domin rassan Omikron irin su XBB da JN.1 sun ci gaba da maye gurbin juna a 2023 da 2024. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya kamata cibiyoyin lafiyarmu da jami'o'inmu su yi shi ne su tanadi tsarin da, da zarar sabon nau'i ya ɓulla, za a ɗauki hanci da maƙogwaro da miyau daga mutum guda a rana guda, a wasu zaɓaɓɓun asibitoci na kudu da arewa, a kwatanta cikin 'yan makonni. Mu kuma masu nazarin harsuna namu aikin shi ne samar da kalmomi da umarnin ɗaukar samfuri cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunanmu, yadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya bayyana wa tsohuwa abin da za a yi mata da dalilinsa, ta fahimta ta kuma yarda.